Yaya Nuhu da Rigimar Zauren Gasa

Shekara shida ke nan da muka sallaci Yaya Nuhu a nan Doha, kuma har yau ba a gama gardamar da ya tafi ya bari ana yi ba. Ɗan wan mahaifina ne. Shi ya riga ni zuwa ƙasar nan karatun digiri na uku, shi ya tarbe ni a filin jirgi, ya ba ni katifa a ɗakinsa na unguwar Mansura. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga kicin. Tun yana Zariya yake buga ƙwallon kwando. Da gwiwa ta hana shi tsalle, sai ya koma horar da ɗaliban wata ƙaramar kwalejin fasaha, kyauta, in ya tashi daga ɗakin bincike.

Ƙungiyoyin ɗaliban da muke hulɗa da su rukuni biyu ne: na manyan jami'o'i, da na ƙananan kwalejoji irin tasa. Kowane rukuni yana buga nasa wasannin, idan kaka ta ƙare sai gwanayen ɓangarorin biyu su haɗu a gasa ɗaya. Inda za a haɗu ɗin shi ne abin faɗa. Na jami'o'i su ce zaurensu ya fi kujeru, katakon ƙasansa ba ya cin gwiwa. Na kwalejoji su ce ɗalibansu aiki suke haɗawa da karatu, ba su da mota, kafin su canja bas biyu su isa can an ci rabin wasa. Kowa da gaskiyarsa, shi ya sa abin ya ƙi ƙarewa.

Yaya yana cikin kwamitin da ke yanke wannan magana. Shawararsa ba ta da wuya: bana nan, baɗi can. Duk suka ce ta yi, amma kowa so yake a fara da zaurensa. Na tuna ranar da ya dawo daga taro ya zauna bai ko cire takalmi ba. Ya ce, "Sani, awa uku muka yi, wallahi ba wanda ya ambaci sunan ɗan wasa ko ɗaya."

A shekararsa ta ƙarshe abin ya ɓaci gaba ɗaya. Kowane rukuni ya kama zaurensa a mako guda, ya sayi kofinsa, aka ce kowa ya naɗa nasa zakaran. Ga shi a shekarar ce Yaya ya sami ƙungiyar da bai taɓa samun irinta ba, kuma yawancinsu suna gama karatu, takardar zamansu na ƙarewa, za su watse. Lokacin ciwon ƙoda ya riga ya kama shi. Likita ya ce ya rage zirga-zirga, matarsa Anti Rabi tana Kano tana kira kullum ya dawo ya huta, shi kuwa yana ta ɗaga tafiyar.

Na ce masa, "Yaya, ka bar musu abinsu mana. Shi ke nan."

Ya dube ni ya ce, "Waɗannan da za su tafi bana fa? In sun koma gida su ce me suka ci, rabin kofi?"

Ɗalibansa sun ɗauki kofin kwalejoji, ba wanda ya yi wata murna. Sai ya kira mai horar da zakarun jami'o'i, wani Basudane mai sanyin hali, suka shirya a tsakaninsu. Wata Juma'a da safe aka haɗu a filin unguwa a Madinat Khalifa, kan siminti, ba kofi, ba 'yan kallo sai mu da muka ɗauko ruwa. Yaya a kujerar roba ya yi horon, don ba ya iya daɗewa a tsaye. An yi wasan da ban sake ganin irinsa ba, kuma an cinye mu da ƙyar a minti na ƙarshe. Kyaftin ɗinmu, Mubarak, ɗan Zangon Kumasi, ya durƙusa yana kuka, can kuma sai ga shi yana dariya rungume da wanda ya jefa ƙwallon da ta kashe mu.

Bayan mako biyu takarda ta zo: an cire Yaya daga kwamiti saboda ya shirya wasa ba izini. Shugabannin rukunonin biyu duk sun sa hannu. A iya sanina, wannan ne kaɗai abin da suka taɓa yarda a kai tare. Ya karanta, ya ninke, ya ce in ɗora masa shayi. Zafin shekarar bai wuce ba ya rasu, bai samu ya koma Kano ba.

Yau ni ne a kujerarsa a kwamitin. An sami ci gaba, in za a kira shi haka: yanzu ana maganar hayar wani zaure a Al-Sadd wanda ba na kowa ba, sai dai an maƙale kan sunan rukunin da zai zo farko a jikin allon sanarwa. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ba na jin zai yi mamaki. Abin da nake jin nauyinsa shi ne nawa halin. A watan jiya da aka kaɗa ƙuri'a kan wurin gasar bana, hannu na ɗaga wa zaurenmu na kwalejoji, ba don na gamsu ba, don na gaji ne, ina so a tashi.

In na auna abin da ya rage nasa, ba shi da yawa. Ba kofin da aka sa wa sunansa, ɗaliban yanzu ba su ma taɓa jin labarinsa ba. Sai dai kwanan baya na je kallon wasan ma'aikata, na ga wani tsohon ɗalibinsa, yanzu injiniya ne har ya yi tumbi. Ya bugi hannun abokin karawarsa, alƙali bai gani ba, shi da kansa ya ɗaga hannu ya miƙa ƙwallo. 'Yan ƙungiyarsa suka yi masa ca. Ya ce, "Haka aka koya mana." Bai faɗi wanda ya koya musu ba.

Allah ya jiƙan Yaya Nuhu, ya sa ya huta.