Waken da Dorkas take mayarwa cikin ƙwarya

Ran sha huɗu ga watan Afrilu na shekarar 2008 Dorkas ta fara ganin Norbert, a wata ƴar rumfar gyara da ke bakin tashar motar Dogon Dutsi. Rediyon babanta ta kawo daga Matankari. Norbert ya buɗe bayansa, ya leƙa, ya juya batir ɗaya da aka sa a baibai, rediyo ya kama magana. Ta tambayi ladan gyara, ya ce ta dawo ran kasuwa mai zuwa a duba ko ciwon ya tashi. Ta dawo da rediyo lafiya lau, ya ce ta ƙara dawowa. A zuwa na uku ba ta ma ɗauko rediyon ba. Bayan kaka aka ɗaura musu aure a coci.

Abu ɗaya ta roƙe shi kafin auren, kada ya tafi cirani. Yayyenta maza biyu sun tafi kudu tana ƙarama, ɗaya ya dawo da tarin da ya kai shi kabari, ɗayan har yau ba labarinsa. Norbert ya ce muddin rumfa tana ciyar da su, ba inda za shi.

Rumfa ta ciyar da su shekaru. Dorkas tana suyar ƙosai da safe a ƙofar lakwal, wato makarantar boko, suka haifi Siméon, suka haifi Delphine. Sai wayar hannu ta shigo gari, rediyo ya ja baya, gyaran waya kuma ya tafi hannun samari. Norbert ya koma ɗaura allunan sola da duba injinan ruwa a ƙauyuka, yau da aiki, gobe babu. Abokinsa Saminu, mai shagon kayan lantarki a Ikko, ya riƙa bugo waya yana cewa ga wuri nan ya ajiye masa.

A farkon 2019 kwamitin ruwa na wani ƙauye a karkarar Kiéché ya neme shi. Rijiyarsu ta burtsatse tana cikin kwari, tankin ruwan yana can kan tudu, tsakaninsu da nisa. In tanki ya cika sai wani ya hau babur ya je ya kashe inji. Norbert ya ce zai haɗa musu akwati biyu, na kan tanki ya riƙa aika wa na rijiya saƙo ta iska, yana faɗa masa inda ruwa ya kai. Shugaban kwamitin, Malam Adamu, ya ce in abin ya yi, akwai ƙauyuka da yawa da ke da irin wannan wahala.

Norbert ba ya taɓa dalma sai ya fara zana abin a tsohuwar kwamfutarsa ya gwada shi a can. Saƙon da akwatin ke aikawa jerin ɗaya ne da sifili, wuta ta zo ko ta ɗauke. Don ya gwada, sai ya ba zanen wani jeri mai tsawo ya ga ko zai fito ta ɗaya gefen yadda ya shiga. Ya lura in shi ya rubuta jerin da kansa, yatsunsa rawa ɗaya suke yi kullum. Wata rana bayan abincin rana ya kira ta.

"Maman Siméon, zo ki ara min hannunki."

"Hannuna? Naka mi ya same shi?"

"Nawa ya san hanya. Wanda bai san komi ba nika so."

"To, madalla da wannan yabo."

Ya sa ta gauraya farin wake da ja a ƙwarya ɗaya. Ta sa hannu ba tare da ta duba ba, ta ɗauko ƙwaya, ta faɗa masa launinta, ta mayar. Fari sifili, ja ɗaya. Shi yana zaune ya ba ta baya yana bugawa. Haka suka riƙa yi a ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, yara suna lakwal, tana cewa fari, ja, ja, fari, wani lokaci da muryar tallar ƙosai don ta ba shi dariya. Tun aurensu ba ta taɓa shiga aikinsa ba sai wannan karon, kuma ta ɗauke shi da muhimmanci. In ta ga fari ya fito sau uku a jere, na huɗu kuma ya sake zuwa fari, sai ta ji kunya, ta ce a ranta ba ta motsa ƙwaryar da kyau ba. Sai ta mayar da shi a hankali ta ɗauko wani. Mace mai tsintar wake kowace safiya ba za ta miƙa wa mijinta aikin ganganci ba.

A kwamfuta zanen bai taɓa kuskure ba. Norbert ya haɗa akwatunan, ya ɗora su a babur, ya kai ƙauyen ya ɗaura. Da safe suka yi aiki. Da rana ta take, tanki ya cika, inji bai tsaya ba. Ruwa ya yi ta kwarara daga sama har ya yi tafki a gindin tudu. Ya canza wayoyin wuta, ya canza eriya, ya koma, aka sake yin tafki. Malam Adamu mutum ne mai raha, amma ruwa a ƙauyen nan ba abin wasa ba ne.

"Norbert, akwatinka shina da tausayi," in ji shi. "Jakkan gari duk sun ƙoshi, suna gaishe ka. Amma mata ba su gaishe ka ba. In wata ya mutu bai gyaru ba, zo ka kwashe abinka, mu koma ma babur ɗinmu."

Da ya dawo gida ranar, Dorkas ta ga ya sauko da jakar tafiya daga kan kabad yana kakkaɓe ta. Ta san Saminu ya bugo.

Washegari da la'asar ya sake kiranta su gwada. Ta zauna da ƙwarya, muryarta ba daɗi. Suna cikin yi sai ta ce, don ta ƙarfafa masa zuciya:

"Baban Siméon, ta wajena dai ba a samu sakaci ba. Ko sau ɗaya ban bari fari ko ja ya wuce uku a jere ba. Da na ga za shi yin yawa nika maida shi."

Yatsunsa suka tsaya. Ya juyo da kujerar gaba ɗaya.

"Maida shi kike yi?"

"To in ba ka abu duk iri ɗaya? Ai sai ka ce ban motsa ba."

Ita ta ga fuskarsa ta canza, ta ajiye ƙwaryar a ƙasa. Sai ya ɗauka ya mayar mata a cinya, ya riƙe hannunta a kai.

"Yau ki yi min aikin ganganci," ya ce. "Abin da ya zo hannunki, shi za ki faɗi, ko ja ɗari ne."

Suka fara. Da nisa cikin jerin, ja ya zo sau bakwai a jere, tana faɗa tana ɓata fuska. Da ya ba zanen wannan jeri, abin da ya fito ta ɗaya gefen ya rikice. Norbert ya miƙe tsaye yana tafi, har maƙwabciyarsu Balki ta leƙo ta katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi. Ya zauna ya bayyana wa Dorkas: akwatin rijiya da canji yake ƙirga, daga ɗaya zuwa sifili. In abu guda ya daɗe yana zuwa, sai ƙirgar ta ɓace masa. Saƙon da ke cewa tanki ya cika kuwa ɗaya ne zalla a jere.

"Ashe ni na zubar musu da ruwa," ta ce, hawaye ya cika mata ido.

"Akwatina ya zubar. Ke rufa mashi asiri kinka yi, kamar yadda kike rufa min."

Ta yi dariya tana share ido da bakin zane.

Gyaran bai zo nan take ba. Norbert ya buga wa Salman, abokin karatunsa da ke koyarwa a makarantar fasaha a Yamai. Salman ya nuna masa yadda ake sa kwamfuta ta fitar da irin wannan jeri da kanta: ƴan gidaje ne a layi, kowanne yana miƙa wa na gaba abin da ke hannunsa, ana haɗa na biyun ƙarshe a mayar farko. Jerin da ke fitowa kamar na ƙwarya yake, har da dogayen ɗaya da dogayen sifili, sai dai kullum shi ne dai yake maimaituwa, don haka mutum zai iya gwadawa kafin gyara da bayan gyara ya ga bambanci. Norbert ya sake tsara saƙon yadda ba zai daɗe a kan abu guda ba. Wata bai mutu ba ya koma ƙauyen. Da tanki ya cika, inji ya tsaya.

Norbert bai je Ikko ba. Ya ɗaura irin akwatunan a Ɗan Kassari da wasu ƙauyukan Tibiri, kuma kowace tafiya a gida yake kwana. Dorkas ta ci gaba da sana'arta har damina ta 2023, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta rasu a asibitin Dogon Dutsi bayan gajeriyar jinya, mijinta yana zaune a gefen gadon. An binne ta a maƙabartar Kirista ta garin. Siméon yana karatu a Dosso, Delphine tana gida tare da babanta.