Baba Andrawus da Bagwariyarsa

Kafin ya sa komai a bakinsa, Baba Andrawus sai ya fara shayar da mota. Duk wanda ya taɓa yin sammako ya bi ta gaban asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenmu, can bayan Kuyello, ya san haka. Zai fito da buta, ya ɗaga bonet, ya ƙara mata ruwa, ya zaro sandar duba baƙin mai ya goge da tsumma, sannan ya zagaya yana bubbuga tayoyi da ƙafa kamar mai tashin yara daga barci. In batir ya yi sanyi ba ya neman masu turi. Sai ya soka ƙarfen murɗa inji ta gaba, ya ce, "To, tashi Bagwariya, gari ya waye," ya murɗa. Ta yi ɗan tari, ta kama. Sai a lokacin zai zauna a kan dutsen ƙofar asibiti ya sha kununsa.

A ƙarshen kakar nan Baba Andrawus zai ajiye aiki. Ido ya fara yi masa hazo, kuma shi da kansa ya faɗa, bai jira wani ya gaya masa ba. Na ga ba zan iya barin sa ya tafi shiru ba. Ana ta yabon waɗanda suka gina gadoji a ƙasar nan tun da aka sami mulkin kai. Ni zan yabi mutumin da ya yi ta ƙetarar da mu inda babu gada.

Sunana Asibi, ni ce ungozomar wannan asibiti. Da na gama makaranta a Zariya na dawo gida, na tarar da ɗaki biyu da kabad ɗin magani, da wani sharaɗi. Waɗanda suka gina asibitin sun faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: wurin da ruwa ke yankewa duk damina, magani ba ya shiga, mai tsananin ciwo ba ya fita, ba za su iya ci gaba da riƙe shi ba. In ba a sami hanyar zirga-zirga ba, za a rufe, a mai da ni gari. Ƙawayena na makaranta suka ce na yi sa'a, in lallaɓa in koma inda ake da lantarki. Na ce ba inda zan je. A nan aka haife ni. Ina yarinya na ga an ɗauki ƙanwar uwata a kan ƙyauren ƙofa tana naƙuda, aka nufi titi da ita a ƙafa, aka dawo da ita a kan ƙyauren nan an lulluɓe.

Bayan kaka manoman yankin, Musulmi da Kirista, suka haɗa abin da Allah ya hore musu don a sayi mota ta hannu. Kowa ya san saye ɗaya ne, in an yi kuskure ba na biyu. Aka tura mu mu uku gwanjo a Kaduna, inda wani kamfani da ke tattara komatsansa yake sayar da tsofaffin motocinsa: Malam Ƙasimu mai fataucin hatsi, wanda aka damƙa wa amanar cinikin, da ni, da Baba Andrawus, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fito da gungumen katako daga dajin Birnin Gwari a gingimari.

Landiroba biyu ne ƙarfinmu ya kai. Ɗaya doguwa ce, fentinta bai daɗe ba, kujeru da laushi. Ɗayar gajera, ta girme ta nesa ba kusa ba, launinta ya koɗe har ba ka iya cewa kore ne ko toka, ƙofar baya a lotse. Dukansu suna da kariya, wato ƙarafan da ake ɗaure kaya a kan rufi. Malam Ƙasimu na ta shafa doguwar yana murmushi, muka nemi Baba muka rasa. Ashe yana kwance a ƙarƙashinta da 'yar guduma.

Malam Ƙasimu ya leƙa ya ce, "Andrawus, mota muka zo saye ko inuwa ka samu?"

Daga ƙasa muka ji ya ce, "Na ga fuskarta, Malam. Ƙashinta nake nema."

Ya bi shasin, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, yana ƙwanƙwasawa yana saurare. A wani wuri ƙarfen ya amsa da ƙara, a wani wuri ya yi shiru, tsatsa ta zubo masa a gemu. Ya fito, ya shige ƙarƙashin gajerar. Can ya daɗe. Ya girgiza kowace taya, ya shinshina man giya, ya ƙirga ganyen sifirin da yatsa, ya auna tsayin cikinta daga ƙasa da damtsensa. Sannan ya hau, ya nuna mini 'yan sanduna biyu kusa da giya, ɗaya mai rawayan kai, ɗaya mai jan kai.

Ya ce, "Malama, dubi nan. In na danna rawaya, ƙafafunta huɗu duka ke ja. In na jawo ja, sai ta yi tafiyar hawainiya, amma ba tudun da zai gagare ta. Waccan ma tana da su, sai dai ƙashin bayanta ya ruɓe, damina ɗaya za ta karye mana. Wannan gajera ce, za ta juya tsakanin itatuwa. Kuma ba wani ƙarfe a jikinta da ni da maƙerin Kuyello ba za mu iya lallaɓawa ba."

Malam Ƙasimu ya yi ta gunaguni, amma mutum ne mai jin magana, ya yarda. Abin da bai yi tsammani ba shi ne, ana gama ciniki Baba ya ari sifana ya hau rufi ya fara kwance kariya.

"Subhanallahi! Me kake yi? A nan fa za mu riƙa ɗora buhun masara mu sami na fetur!"

"A daji ba a ɗora wa mota kaya a ka, Malam. Kaya a ciki, a ƙasa, tsakanin ƙafafunta."

Malam Ƙasimu ya tafa hannu ya tuntsire da dariya. "Jama'a ku zo ku gani! Motar da ba ta ɗaukar kaya a ka! Ashe Bagwariya muka saya!"

Maganar nan ta soke ni. A wurinmu Gbagyi, da Hausawa ke kira Gwari, mace ba ta ɗora kaya a ka, a kafaɗa take ɗauka, don mun ɗauki kai abin girmamawa, aikinsa tunani. A makaranta ba irin tsiyar da ban sha ba a kan wannan. In na ɗebo ruwa sai 'yan ɗakinmu su jeru suna cewa, "Bagwariya, kafaɗa ba ta gaji ba?" Ban taɓa ɗora bokitin nan a ka don in faranta musu ba, har na gama. Na buɗe baki zan mayar wa Malam Ƙasimu, sai Baba ya riga ni, yana ta kwance noti bai ko ɗago ba.

"Ka raɗa mata suna mai kyau, Malam, mun karɓa. Uwata ta tsufa tana fito da itace daga dajin nan a kafaɗa, kan duwatsu, cikin santsi, ban taɓa ganin ta faɗi ba."

Haka sunan ya bi ta. Yau ko yaran Dogon Dawa in sun ji rurinta daga nesa, ihu suke, "Ga Bagwariya!"

Ba zan ce muku tafiyar ta yi daɗi ba. Mun kwana biyu muna cin wuya, ni da shi da ita. Mun kafe a taɓo har gindin ƙofa, ya tuɓe riga ya yi ta haƙa da shebur, ni ina saro rassa ina cusawa ƙarƙashin taya, ƙudan tsando na cin mu. Sifirin ya taɓa karyewa a tsakiyar daji, ya saro icen ƙirya ya ɗaure da ɗanyen kiri, muka iso gida a haka. Akwai kuma waɗanda muka ɗauka da rai muka juyo da su babu. A irin wannan rana sai ya rage gudu, ya kauce wa kowane rami, kamar wanda ke baya zai ji zafi. Baba, kai ne ka koya mini cewa gawa ma fasinja ce.

Ranar da mutanen ƙauyenmu ba sa mantawa ta zo ne a tsakiyar wata damina. Ma'u, matar Malam Ƙasimu, ta kwana tana naƙuda, na duba na ga ɗan ya gicciye, sai an yi mata aiki a babban asibiti. Da hantsi muka shimfiɗa ta a bayan mota. Dangi suka fito da tukwane da tabarmi da buhun gero na zaman jinya, wani har ya jefa igiya kan rufi.

Baba ya ce, "Sauke. Abin da ya shiga ƙarƙashin benci ya bi mu, saura ya jira."

Wata gwaggon Ma'u ta ce, "Kai dai Andrawus da taurin kai! Me mutane za su ci a can?"

"Gwaggo, mu kai ta da rai tukuna, ni zan roƙo muku tuwo."

A gangaren rafin da ke tsakaninmu da Kuyello muka tarar ruwa ya cinye rabin hanya. Abin da ya rage ɗan siriri ne, a karkace, hagu tudu, dama rami da ruwa na gudu ja wur. Baba ya sauka ya taka wurin da ƙafa, ya dawo, ya jawo sandar nan mai jan kai. Motar ta shiga a hankali, ta fara kwantawa. Ina riƙe da Ma'u, na ga ruwan rafi ta tagar da ya kamata in ga itatuwa. Tayoyin hagu suka yi sako-sako. Da akwai ko buhu ɗaya a kan rufin nan, da ba ni ke ba ku wannan labari ba.

Ya tsaya cak, ya leƙo ya ce wa mazan da suka biyo mu, "Ku zo ta gefen rami ku tokare ta. Ba da hannu ba, hannu zai zame. Ku sa kafaɗa!"

Wanda ya fara dira cikin laka Malam Ƙasimu ne, da babbar rigarsa. Ya kafa kafaɗa a jikin mota yana salati, sauran suka jeru bayansa. Ta ja jiki, ta ja jiki, ta miƙe. Da muka hau tudu Baba ya dubi Malam Ƙasimu, laka har kunne, hula ta tafi da ruwa, ya ce, "Sannu Malam. Yau kai ma ka zama Bagwari."

Malam Ƙasimu na haki, hawaye na zuba, ya ce, "Na zama, wallahi na zama. Ja mu tafi!"

An yi wa Ma'u aiki, ta tashi. Yarinyar da aka ciro, Kadijatu, bana ta shiga makaranta. Tun daga wannan damina ba wanda ya sake ta da zancen rufe asibitinmu.

Baba Andrawus, kai ne ka zaɓi tsohuwa ana yi maka dariya, ka riƙe ta har ta binne sababbi da yawa. Kai ne ba ka taɓa tambayar marar lafiya masallaci yake zuwa ko coci ba. Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, direbobin gari duk sun rikice, kai ka ce a hanyarmu ba dama ba hagu, sai inda ƙasa ta yi tauri. Gwanin gangare, mai kunnen jin ciwon ƙarfe. Ba ka da lambar girma, rigar kakinka ma ta sha faci, amma ka shiga kasuwar Kuyello ka ga yara nawa ke yawo waɗanda ba don kai ba da ba a san su ba.

Da idonsa ya fara rauni, tsohuwar fargabar ta dawo. An nemi direba daga gari, duk wanda ya zo ya ga hanya sai ya ce zai je ya yi shawara, ba ya dawowa. Mota ba direba kuwa, asibiti ya koma inda ya fito. Wata ranar rani muna dawowa daga Magajin Gari, Baba ya tsaya a fili, ya sauka, ya zagayo ta gefena.

"Malama, matsa can."

"Ina, Baba?"

"Kan sitiyari. Hannun da ke juya ɗa a cikin uwarsa ba zai kasa juya wannan ba."

Rani biyu yana koya mini. Ba tuƙi kaɗai ba: yadda ake karanta laka, yadda ake taka rafi da ƙafa kafin a sa taya, yadda ake kwanciya a ƙasa da guduma a saurari ƙarfe. Ƙarfen murɗa inji ya taɓa bugun hannuna ya kumbura, na ɗaure na koma. Surutu kuwa ba irin wanda ba a yi ba. A majalisar bakin kasuwa wani ya ce mace da tuƙi a daji, lalle duniya ta zo ƙarshe, wa zai ba ta matarsa ta ɗauka? Ni dai na riga na yi niyya ko sun so ko sun ƙi. Malam Ƙasimu ne, aka ce, ya ajiye mudunsa ya ce, "Ni zan ba ta tawa. Ku bar su, Bagwariya ce za ta ja Bagwariya." Daminar da ta wuce ni na ƙetare gangaren nan, Baba na gefe ya harɗe hannu, ya bar ni da sitiyari har muka hau tudu.

Baba, mun gode. Matan yankin nan sun gode, da mazan da ba su zama gwauraye ba saboda kai. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka sauran ganinka ka ga jikoki. Ku kuma samarin da ke rububin koyon mota don ku tsere birni, ku zo ku zauna kusa da dattijon nan tun yana nan. Ku koyi duba ƙashi kafin fenti, ku koyi tsayawa a inda ake bukatarku.

Ranar da zai koma ƙauyensu ni zan kai shi. Jiya yana ɗaure kayansa ya nuna mini wani tsohon akwatin ƙarfe, ya kanne ido ya ce, "Direba, wannan fa ya yi girma. A ina za ki ɗora shi?"

Na ce, "A kafaɗa, Baba."