Kunne Muka Kawo, Ka Duba Maƙogwaro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, tara ga wannan wata, da hantsi, Allah ya karɓi ran likitan kunne na asibitin unguwarmu. A ɗakin duba marasa lafiya ya yanke jiki ya faɗi. Ranar Alhamis ɗin makon ce ya tsayar zai yi wa autata aiki.

Likita, ban manta haɗuwarmu ta farko ba, domin rashin kunya na yi maka. Shekara biyu ina ɗiga wa yarinyar nan magani a kunne, duk wanda maƙwabta suka ambata, jinta kuwa kullum raguwa yake. Da muka zo sai ka ce ta buɗe baki. Na ce, "Likita, kunne muka kawo fa, bakinta lafiya lau, ci take kamar gara." Ka yi dariya, ka juya katinta ka zana mini wata 'yar siririyar hanya da ta tashi daga cikin kunne ta sauka bayan hanci, saman maƙogwaro. Ka ce duk haɗiyar yawu ko hamma tana buɗe ta, iska ta shiga, ruwan da ya taru ya tsiyaye. Ta Auta wani tsiron nama ne ya toshe bakin hanyar, ruwa ya kwanta bayan dodon kunne. Ashe ni ta waje nake ta fama, ciwon yana ciki.

Ba ka ce mini jahila ba, ko da yake na cancanta. Balan-balan ka ciro daga aljihun tebur, ka koya mata hura shi da hanci don hanyar ta buɗe, kai ma kana hurawa da furfurarka har idonka ya yi ja. Da hannunka ka rubuta wa malamarta takarda a mayar da ita layin gaba a aji.

Yanzu an ce mu jira a turo wani, wata bakwai ko fiye, babu mai tabbas. Kai kuwa ka gargaɗe ni cewa jinkiri na iya cinye jin da ya rage. Wallahi na rasa inda zan dosa. Ina taka keken ɗinki, tana gefena, ko waiwaye ba ta yi.

Jiya na zaunar da ita na gaya mata ka rasu. Ta kalli bakina tana murmushi. Sai da na ɗaga murya na faɗa sau uku, kamar mai yi mata faɗa, kafin ta ji.

Allah ya jiƙanka, Likita, ya yafe kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Ga maiɗakinka da 'ya'yanka da ma'aikatan jinya da ka bari, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya ba ku haƙuri. Mu ma ku sa mu a addu'a.