Shaidar da Babana Bai Samu Bayarwa Ba

Ranar Juma'a, talatin ga watan Disamba na shekarar 1983, da hantsi, Umma ta ɗora mini kwanon ƙosai a ka, ta ce in kai wa Kawu Rudi, maƙwabcinmu ɗan Filifin, saman bene domin ya yi baƙi. Shekarata tara a lokacin. Na hau matakalar gidanmu da ke unguwar Kurayyat a Jidda, ina tsallake bokitai da kuliyoyin da suka miƙe a inuwa, na tarar da maza shida 'yan ƙasar Filifin sun jeru cikin fararen riguna da suka sha guga. A gabansu akwai wata tsohuwar gangar mai da aka lulluɓe da farin ƙyalle, a kanta an jingine hoton wani mutum mai baƙar kwat da siririn gashin baki, an kewaye shi da ful, farin furen nan mai ƙamshi da ake rataya wa amare. Kowannensu ya dafa ƙirji, suna rera wata waƙa ƙasa-ƙasa don kada ta kai titi. Na tsaya da kwanona ina jiran su gama. Ban ji tahowar Alhaji Sambo ba, wakilin mai gidan, wanda ya hawo duba tankin ruwa, sai salatinsa na ji a bayana. Ya dubi hoton, ya dubi furen, ya dubi mazan, ya ce, "Coci? A kan gidan da aka ba ni amana?" Ya juya ya sauka da sauri.

Ni kuwa na san ba coci ba ne, kuma duk yaran gidan sun sani. Gidan namu babba ne, ɗakuna kewaye da tsakar gida, kowane ɗaki da iyalinsa: Kanawa, Katsinawa, mutanen Damagaram, duk aikin Hajji ya kawo su suka zauna. In ban da Alhaji Sambo da wasu mutum biyu, babu mai iƙama, wato takardar izinin zama. Mu da aka haifa a can ma ba mu da ita, don haka makarantar gwamnati ba tamu ba ce. Wajen wata malama muke karatu a ɗaki ɗaya mai fanka ɗaya. Rayuwarmu ta yara ba ta wuce jeren jarkoki idan motar ruwa ta zo, da surfen wake tun da asuba, da tsince kwalaye a bayan kantuna domin awakin gidan, waɗanda suka saba da cin kwali har suka manta ciyawa. In rana ta yi sanyi mu yi carafke da duwatsun da muka zaɓo a kangon gini, maza su yi langa, mu tafa gaɗa rabi da Hausa rabi da Larabci. Amma da zarar baƙuwar mota ta tsaya a bakin lungu, sai gidan ya yi tsit, har jarirai a toshe musu baki da nono. Umma ba ta gajiya da faɗa mana, "Wanda ba shi da takarda ba ya ɗaga murya."

Babana, Malam Idi, dako yake yi a wani ɗakin ajiyar kaya a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antun Jidda, inda Kawu Rudi ke aikin lantarki. Baba ne ya nema masa ɗakin saman bene. Kawu Rudi Kirista ne, mun sani, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Shi ke gyara mana fanka da rediyo kyauta, in watan azumi ya kama ba ya shan ko ruwa a gabanmu. Da yamma yakan baje kayan gyaransa, mu zagaye shi, yana ba da labari da guntun Larabcinsa, Baba na mayar mana da shi Hausa. Labari ɗaya ne ba ya ƙarewa, na mutumin cikin hoton. Sunansa ya yi wa harshenmu nauyi, sai muka tsaya a kan Likita.

Likitan ido ne, ya ce mana, a zamanin da Sifaniyawa ke mulkin ƙasarsu. Ya yi karatu a Turai, ya rubuta littattafan da suka tona irin zaluncin da ake yi wa mutanensa. Da ya dawo gida aka kore shi zuwa wani ɗan ƙauye a bakin teku, can a tsibirin kudu, ya yi shekara huɗu cikin ɗaurin talala. A can ya yi wa marasa lafiya magani, ya koyar da yara, ya jawo wa garin ruwa. Da tawaye ya ɓarke, wanda ba shi ya kira ba, aka kamo shi a jirgin ruwa aka gurfanar da shi gaban kotun soja. Aka ce ya zaɓi mai kare shi daga cikin hafsoshin waɗanda suka kama shi, ba a kuma bar shi ya fuskanci masu ba da shaida a kansa ba. Ranar talatin ga Disamba na 1896, da safe, aka fito da shi fili. Waɗanda aka ba bindigogin 'yan ƙasarsa ne, a bayansu kuma aka jera sojojin Sifaniya, don duk wanda hannunsa ya yi rawa ya san abin da ke jiransa. Ya roƙi a bar shi ya fuskanci masu harbinsa, aka ƙi, wai maci amana ta baya ake harbinsa. Da harsashi ya same shi, sai ya murɗa jikinsa ya faɗi yana kallon sama. In Kawu Rudi ya zo nan yakan ajiye abin da ke hannunsa, Baba kuma ya ce, "Allah wadan zalunci, ko a kan waye." Mu kuwa muka mayar da abin wasa: tsintsiya ce bindiga, a yi ta rigima a kan wanda zai zama Likita, kowa na gwanintar murɗawa kafin ya faɗi, har Umma ta gaji da wankin riguna ta hana.

To, wannan mutumin suke tunawa a ranar da aka kashe shi, kamar yadda suke yi a ƙasarsu kowace shekara. Baba ya bi Alhaji Sambo har ɗakinsa ya yi masa bayani. Alhaji ya ce, "Malam Idi, ka taɓa ganin inda mutum ya tsaya gaban hoto, ya zuba masa fure, ya dafa ƙirji yana waƙa, a ce ba bauta ba ce? Ga shi kwana biyar da Kirsimeti!" A al'adarmu babu wannan. Mamaci addu'a ake masa da sadaka, ba a tsayawa gaban hotonsa. Abin da idon Alhaji ya gani, ba shi da wani suna da zai ba shi sai wanda ya ba shi. Ga kuma tsoro: taron ibadar da ba ta Musulunci ba haramun ne a garin, in wani ya riga shi kai ƙara, iƙamarsa ce za ta tafi. Ban yafe masa ba, amma da na girma na gane cewa shi ma akwai masu bindiga jere a bayansa. Bayan kwana biyu baƙuwar mota ta tsaya a bakin lungu. Muna leƙe ta kafar ƙofa aka sauko da Kawu Rudi, wani na riƙe da hoton a kife.

Daga ranar Baba ya daina cin abinci sosai. Labari ya zo cewa za a kori Kawu Rudi daga ƙasar, shi da ke ciyar da mata da 'ya'ya huɗu a gida, sai fa in an sami Musulmi maƙwabci da zai shaida cewa ba ibada suke yi ba. Masu iƙamar gidan kowa ya sunkuyar da kai. Na ji Umma tana cewa, "Malam, ka dubi yaran nan. Ka shiga ofishin da ƙafarka, ba ka da ko guntuwar takarda? Wa ya aike ka?" Baba ya ce, "Ni na kawo shi gidan nan, Saude. Ni na fassara labarin da bakina. An hana mu ɓoye shaida, ba a ce sai mai iƙama ba." Umma ta ce, "Shi Likitan naku da ya yi gaskiyar, ina ta kai shi?" Baba ya kira ni. Ya zaunar da ni, domin Larabcina ya fi nasa tsabta, muka tsara abin da zai faɗa, yana maimaitawa ina gyara masa, har ya zauna masa daram kamar karatu. Da safe ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya shafa turare, ya fita.

Abin da ya faru daga bakinsa muka ji, bayan wata takwas. Ya isa ƙofar ofishin, ya yi sallama, ya ce shaida ya zo bayarwa. Mai tsaron ƙofar bai ko ɗaga kai ba ya ce da Larabci, "Fen iƙama?" wato ina iƙamarka. Baba ya fara bayani, mutumin ya ce, "Halas. Yalla," wato shi ke nan, wuce. Iyakar shari'ar ke nan. Ba a tambaye shi shaidar me ba, ba a tambaye shi a kan wa ba. Kafin azahar yana tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. A cikin wannan babban ɗaki, tsakanin ɗaruruwan mutane, ya hango Kawu Rudi zaune a kan kwali. Kawu Rudi ya miƙe ya ce, "Sadiƙ, abokina, me ya kawo ka?" Baba ya ce, "Shaida na zo yi maka." Baba ya ce Kawu Rudi ya yi ta dariya har ya zauna, daga nan dariyar ta koma kuka. Suka yi mako uku suna raba gurasa ɗaya, sannan aka sa ɗaya a jirgin gabas, ɗaya a jirgin yamma. Ba su sake jin ɗuriyar juna ba.

Umma ta yi ta tuyar ƙosai har ta kasa riƙe mu, ta kai mu da kanta aka haɗa mu da masu komawa. Haka na sauka Kano, garin da aka ce nawa ne, ban taɓa ganinsa ba, yaran unguwa na dariyar Hausata. A can aka sa ni makaranta, na yi karatu har na zama magatakardar kotu. Na nemi tarihin Likita na karanta, na tarar duk abin da Kawu Rudi ya faɗa haka yake. Na kuma tarar da abin da har yau yake ci mini rai: 'yan mulkin mallakar da suka kashe shi sun rubuta tuhumarsu, sun rubuta amsarsa, sun sa hannu, shi ya sa jikoki suka iya karantawa su ce an yi zalunci. Babana da abokinsa ko wannan ba su samu ba. Babu alƙali, babu tambaya, babu inda aka rubuta cewa wani mai dako ya taɓa zuwa da gaskiya a bakinsa.

A 2012 na je Umra, na ratsa ta Kurayyat. Gidan yana nan, an yi masa fenti, an cika saman benen da na'urorin sanyaya ɗaki, yaran tsakar gidan kuma da ƙyar suke amsa gaisuwar Hausa. Babu wanda ya san Malam Idi. Ya rasu a Kano yana ɗan tireda, bai taɓa cewa ya yi nadama ba, Umma kuma ba ta taɓa cewa ya yi daidai ba. Ni da nake rubuta shaidar mutane kullum, masu gaskiya da maƙaryata, ga tasa nan yadda muka tsara ta: "Ni Idi, Musulmi, maƙwabcin wannan mutum, na shaida cewa ba bauta yake yi ba. Mutumin ƙasarsu ne da aka kashe bisa zalunci, suke tunawa da shi. Allah ne shaidata." Ta makara, amma yau an rubuta ta.