Ranar da Adda Ta Kira Sunansa

Shagon Babayo yana bakin titi a unguwar Dawaki ta Gombe, tsakanin mai gyaran fanka da Onyedika mai sayar da gilashin waya da caja. Sana'arsa cajin waya da tura fina-finai. Ka kawo wayarka, ka faɗi abin da kake so, ya zuba maka. Akwai benci a ƙofar shagon, nan nake zama idan na taso daga aiki, kuma a kan bencin nan na ji yawancin abin da zan faɗa, wani daga bakinsa, wani daga bakin ƙanwarsa Lubna. Shi ya yarda in rubuta.

Sunansa na yanka Zulkifilu, sunan kakansa na wajen uba, shi ya sa ake ce masa Babayo. Shi ne ɗan fari. Mahaifiyarsa Bafulatana ce daga gidan da ba a wasa da kunya, don haka ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Ya tashi yana kiran mahaifiyarsa Adda, kamar yayarsa. Sai da kakar ta rasu ya dawo hannunta, lokacin ya shiga sakandare.

Adda ba ta taɓa kiran sunansa ba, na yankan ko laƙabin. Idan za ta aike shi, sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa wancan ya sayo gawayi," ko da yana tsaye a gabanta. Idan baƙi suka yabe shi, ta tashi ta shige ɗaki. Abincinsa ma ba ta miƙa masa. Takan rufe kwano ta ajiye a bayan randa, ta ce, "Ga saura can, kada kaji su ɓarar." Kowa a gidan ya san ba saura ba ne. Shi ake fara zuba wa, kuma tsokar da ta fi kyau tana ƙasan kwanon, an binne ta da tuwo. Babayo ma ya sani.

Shekarun baya an yi wani shiri mai dogon zango da ya kama mutanen gari, labarin wani matashin direba da danginsa. Ana tsakiyar daɗinsa masu shirin suka dakata, ba bayani. Kullum sai an zo shagon an tambaya, "Babayo, sabon kashi ya fito?" Da ya gaji da cewa a'a, sai ya fara rubuta ci gaban labarin da kansa a waya, yana turawa wani guruf na WhatsApp da sunan Mai Ƙarasawa. Bai taɓa rubuta komai ba tun insha'in makaranta, amma ya sha kallo, ya san inda ake yanke labari mutum ya kasa haƙuri. Mutane suka karɓa. Har wata baiwar Allah a wani gari, mai karanta littattafai da murya, ta nemi izininsa ta riƙa karantawa tana rarrabawa.

Ni da Onyedika kaɗai muka san shi ne. Onyedika a Gombe aka haife shi, yana karanta Hausa fiye da wasunmu, kuma ba ya raga masa.

"Malam marubuci," yakan ce, "matan labarinka duk farare ne, duk dogon hanci, duk kuka suke yi. Ba mai jin yunwa a cikinsu? Ba mai zuwa kasuwa ta yi rigima da mai tumatir?"

"Dika, sayar da cajarka."

"Ni dai na faɗa. Uwata in ta yi kuka, ka tabbata albasa take yankawa."

Muka yi dariya, aka bar maganar.

Matsalar da ya fuskanta ita ce an kama mugun da ke cikin shirin kafin a dakata, labari kuwa ba ya tafiya babu mai mugunta. A cikin shirin akwai mahaifiyar direban, wadda sau ɗaya ko biyu aka nuna ta zaune a tabarma, ba ta ce komai ba. Babayo ya ɗauke ta ya mai da ita uwar da ta tsani ɗanta. Da farko ta fito masa kamar mutum-mutumi, tana ta tsawa da zagi, shi kansa bai yarda da ita ba. Sai ya leƙa gida ya ɗebo. Ya sa ba ta kiran sunan ɗanta. Ya sa tana tashi idan an yabe shi. Ya sa kwano a bayan randa, da maganar kaji, kalma da kalma. Bai ce direban ɗan fari ne ba. Tsokar ƙasan kwano ma bai sa ta ba.

"Na san kunya ce," ya ce mini daga baya. "Wallahi na sani. Amma da na rubuta jimlar nan sai na ji ta zauna daram, na ji daɗi. Ban sake tuna bakin da na ɗauko ta ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ko kuma na tuna. Akwai yaron da ya dawo daga gidan kaka yana jiran a kira shi. Ina jin shi ne ya rubuta."

Kashin nan ya fi kowanne karɓuwa. Guruf ya cika da Allah ya isa. Wata ta rubuta cewa wannan ba uwa ba ce, mayya ce.

Adda man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli. Ranar matsa mai maƙwabta kan shigo da hantsi su kama mata, Lubna kuma ta jefa waya cikin kwanon da babu komai don murya ta fito, a yi aiki ana saurare. Adda tana son shirin direban, Babayo da hannunsa ya tura mata shi. Abin da bai sani ba shi ne karatun baiwar Allahn nan ya zagayo har tsakar gidansu, kuma ana bin sa kashi-kashi. Lubna ma ba ta san waye Mai Ƙarasawa ba.

Lubna ta ce suna cikin murza tunkuza sai muryar ta ce, "Ga saura can, kada kaji su ɓarar."

Inna Uwa, maƙwabciyarsu, ta saki salati. "Ɗan da kika haifa da cikinki ki haɗa shi da kaji? Allah ya tsine wa wannan mata!"

"Amin," in ji wata. "Irinsu ne in sun tsufa ake barinsu su kaɗai."

Da hantsi matan suke zuwa, ba su taɓa ganin rabon tuwon gidan ba, ba su san abin da suke yi ba. Lubna ta miƙa hannu za ta kashe wayar. Adda ba ta ɗago ba, mai yana bin yatsunta, ta ce, "Bar shi. Ƙara murya, ban ji ƙarshen ba." Ta saurara har aka gama. Ta tashi ta kawo wa matan ruwa, ta raba musu ƙuli mai zafi.

Ina kan benci da la'asar Lubna ta iso shagon, ko sallama ba ta yi ba. Hamma take ce masa, wato yaya.

"Hamma, kai ne Mai Ƙarasawa?"

"Wa ya ce miki?"

"Kaji ne suka ce mini." Ta matso gabansa. "Gida nawa ne a duniya ake faɗin maganar nan? Tana zaune, Hamma. Ana tsine mata a tsakar gidanta, ana cewa amin, tana ba su ruwa."

Babayo yana riƙe da wayar wani. Ya ajiye ta a hankali kamar za ta fashe. Onyedika, da ya leƙo da shirin tsokana, ya koma shagonsa. Ni ma na rasa inda zan sa idona, na yi ta kallon takalmina.

Ya rufe shago da wuri, ya yi ta zagaye a unguwa, ƙarshe dai ya shiga gida. Mahaifinsa, Baffa, yana zaune a tsakar gida da rediyo. Babayo ya nufi bayan randa, babu kwano. Sai ga Adda ta fito da tire, ta tako har gabansa ta ajiye.

"Zulkifilu," ta ce, "ga abincinka."

Baffa ya rage muryar rediyo. Sunan mahaifin Baffa ne, sunan da matarsa ba ta taɓa furtawa ba tun da aka kawo ta gidan. Babayo ya ce sunan ya fito daga bakinta a karkace, kamar mai koyon wani yare, kuma ba ta iya ɗaga ido ba saboda kunya. Ta yi abin da a wurinta ya fi tsiraici, don ta ɗauka abin da yake nema ke nan.

Ba ranar kaɗai ba. Da safe, "Zulkifilu, ka tashi lafiya?" Da yamma, "Zulkifilu, ka dawo?" A gaban ƙannensa, a gaban baƙi. Inna Uwa har ta tambayi Lubna ko Adda ba ta da lafiya ne. Naman yanzu a saman tuwo yake, kowa yana gani, shi kuwa ya kasa haɗiye shi.

Ya gwada ba da haƙuri. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Adda, ki yafe mini."

"Me ka yi? Ai labari ne. Tashi, Zulkifilu, ƙasa da sanyi."

A nan maganar ta mutu. Su biyun ba su taɓa yin hira mai tsawo ba, ba su da hanyar da za su bi su isa wurin.

Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya rubuta sabon kashi, ya bayyana cewa direban ɗan fari ne, uwar kunya take yi. Ya sa ta tana kulle kanta a ɗaki tana kuka saboda shi, tana azumi dominsa, tana sayar da 'yan kunnenta a ɓoye, ba ta da magana sai addu'arsa. Guruf ya sake cika, wannan karon da hawaye. Waɗanda suka tsine suka nemi gafara. Babayo ya roƙi Lubna ta kunna a gida, shi kuma ya zauna a zaure, inda ake jin duk abin da ake faɗa a tsakar gida.

Aka gama. Ya ji ƙarar ludayi a jikin kasko, sannan muryar Adda, da ƙarfin da ba ta saba ba.

"Lubna, a ce wa mai rubutun nan, da ya mai da ita mayya, yanzu ya mai da ita waliyya. Ita matar ba ta da aikin yi ne sai tunanin ɗa? Wa ke soya mata gyaɗa tana can tana kuka? Ba ta da ƙawaye? Ba ta taɓa yin yarinta ba?"

Ya ce da ya ji "mai rubutun nan" maimakon Zulkifilu, sai ya ji numfashinsa ya dawo. Amma kunyar da ta biyo baya ta fi ta farko, domin Adda ba ta tsaya ba. Ta shiga ba Lubna labari, fuskarta wajen kasko, muryarta wajen zaure. Yadda take satar keken mahaifinta tana yarinya a ƙauyensu, ta ɗaure zani ta yi ta gudu har bakin rafi, ranar da ta faɗa cikin gonar dawa ta ce jaki ne ya ture ta. Yadda ta so zama malamar asibiti saboda farar hula. Yadda ta shara wa wata mari a gidan biki don ta raina kitsonta. Tana faɗa tana dariya, irin dariyar da ke sa tari.

"Shekarata nawa a gidan nan," Babayo ya ce mini, "ban san ta iya keke ba. Na rubuta ta sau biyu, ban taɓa tambayar kaina ko wace ce ba."

Har yanzu yana rubutu, amma ya rage sauri, wasu masu karatu sun gudu, sun ce labarin ya koma hirar mata. Tsohon kashin kuwa ba ya gogewa. Yana yawo a wayoyin mutane, kuma akan zo shagon a ce, "Babayo, sa mini na muguwar uwar nan, ta kajin." Yakan ce ba shi da shi, idonsa a kan allon caji. Onyedika yakan ɗaga murya daga nasa shagon ya jawo mutumin da zancen gilashi.

Kwanan baya ya so ya ba mahaifiyar direban yarinta a cikin labarin. Wannan karon bai ɗauka ba sai da ya tambaya. Ya aiki Lubna, ta dawo shagon da amsa tana danne dariya.

"Ta ce keken a sa. Jakin ma a sa. Amma marin kada a kuskura, matar tana nan da ranta a unguwar Manawashi, kuma tana bin labarin."