Ƙashin Ragon Kawu Mushe

Duk wadda ta taɓa yi mini sammako a Rillieux, gefen Lyon, cikin watannin da Kawu Mushe ya zauna da mu ta san abin da ke faruwa ƙarfe takwas saura kwata. Kawu zai naɗe katifarsa da ke falo, ya ɗora kwat mai ruwan toka bisa jallabiya, ya rataya jakar fata, ya buɗe ƙofa ya fita. Hawa na uku muke, kuma ba ya shiga asansar, wato lif. Da ƙafa yake sauka, ya kewaye gidan sau ɗaya, ya hawo yana haki, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar da ya fita yanzun nan.

In na buɗe sai ya ce, "Bonjur, Madam. Ɗalibar ta shirya?"

"Kawu, ai yanzu ka sha kunu a hannuna."

"Wanda ya sha kunu kawunki ne. Ni malamin lekwal ne, malami kuwa daga waje yake zuwa."

Ƙanen mahaifiyata ne. Shekara talatin ya yi yana koyar da yara a Damagaram da ƙauyukanta, har sunansa na yanka ya ɓata, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin boko a can. Neman maganin ciwon zuciya ya kawo shi wurin ɗansa Sani a Bobigny, gefen Paris. Ni kuma abin da ya sa na janyo shi Lyon, ƴata ce, autata Balki.

Balki na da sikila, wanda mu a gida muke ce wa emasi. In sanyi ya shigo, sati ɗaya tana lekwal, wato makaranta, sati biyu muna gidan likita. Lokotoro, wato likitanta, ya rubuta mana takarda, muka cika wasu takardun har na gaji da sa hannu, aka ba mu izinin koyar da ita a gida. To, wa zai koyar? Maigidana Alhaji yana bisa hanya da motar kaya tun safe. Ni ce, ni da aka cire daga aji uku. Na yi iya ƙoƙarina wallahi, amma da sufeton ilimi ta zo dubawa karo na farko, Balki ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta. Ko sunanta ba ta faɗa ba. Takarda ta biyo baya: za a sake zuwa bayan wata uku, in abin bai gyaru ba dole a maida ita lekwal. Yarinyar da ko tsayuwa a tashar bas cikin sanyi kan kwantar da ita.

Da kuka na buga wa Kawu waya. Bai bari na gama gaisuwa ba.

"Indo, share hancinki. Ɗalibai nawa ne?"

"Ɗaya ce, Kawu."

"Ɗaya? Ni da na riƙe tamanin ƙarƙashin rumfar zana? Ki ce wa Alhaji ya tarye ni jibi."

Sani ya so ya sa shi jirgin ƙasa mai gudu, awa biyu ya iso. Kawu ya ce shi ba ya shiga abin da ba ya bari mutum ya ga garuruwan da yake wucewa. Babbar bas ya hau, ya wuni bisa hanya, ya sauko da ƙafafu a kumbure da leda biyu da ya yi sayayya a kasuwar Goutte d'Or: ɗaya gawayi, ɗaya ƙaro. Na ce ko turaren wuta ya kawo mini tsaraba. Ya ce in jira in gani.

Washegari na dawo daga kasuwa na tarar da ƙofar armuwar ɗin ɗakina, wato kabad ɗin tufafina, kwance a baranda. Armuwar ɗin da na yi shekara ina lallashin Alhaji kafin ya sayo. Kawu ya kwance ta da wuƙar kicin, ya daka gawayi a turmina, ya kwaɓa da ƙaro, yana shafa mata da tsumma.

"Kawu, ƙofata."

"Allo ne yanzu. Ta samu ci gaba."

"Ai Alhaji ya sayo farin allo da bik ɗinsa."

"Wannan na ofis ne. Ilimin da ba ya ƙura ba ya zama a kai. Kuma kayanki ma za su sha iska."

Wata uku duk baƙuwar da ta leƙa ɗakina sai ta ƙirga zannuwana.

Alli kuwa, kada ki kuskura ki share garinsa. Gwangwanin tumatir ya ajiye ƙarƙashin allon. Ran Juma'a ya tattara garin, ya ɗiga ruwa, ya mulmula, ya shanya bisa hita. In ya bushe ya rubuta da shi, rubutun ya fito kamar an shafa koko. Na ce masa ga kwali guda na sabon alli a cikin durowa. Ya ce wancan na jikokin Balki ne.

Amma abin da kuka fi tambayata a kansa shi ne ƙashin. Ran nan na yi miyar kuɓewa da ƙafar rago. Kawu ya gama suɗe ƙashi, ya wanke shi da sabulu, ya ɗaure da igiyar takalmi, ya tara mu a falo.

"Wannan shi ne sambol. A lekwal ɗinmu na da, duk yaron da ya yi Hausa shi ake rataya wa. Ga dokar gidan nan: daga takwas zuwa sha biyu, faransanci kaɗai. Daga sha biyu zuwa magariba, Hausa kaɗai. Wanda ya kuskure a rataya masa, shi kuma ya kasa kunne ya kama wani. Wanda magariba ta samu da shi a wuya, shi ke wanke kwanoni."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ban da masu gida dai, Kawu."

"Doka ba ta san mai gida ba."

Kwana biyu ba a yi ba, Alhaji na cin tuwo da la'asar waya ta yi ƙara, ya ɗauka: "Alo, wi, wi, dakor." Kafin ya ajiye, Balki ta lallaɓo ta bayansa ta zura masa igiya. Ranar na ga abin da ban gani ba tun aurenmu, Alhaji da hannun riga a naɗe gaban kwanoni, yana tambayata wane soso ne na tukunya.

Ni dai da safe nake shan kashi. Faransancina na kasuwa ne, ya ishe ni ciniki da gaisuwa. Sai in kulle bakina in yi ta aiki kamar kurma, amma da na taka wani abu ko madara ta tafaso, "wayyo" ta fita, Balki ta taho da gudu. Ba mu lura ba, yarinyar da ciwo ya maida shiru-shiru ta zama ƴar sandan gida. Tana saurare, tana gardama, tana kafa hujja. Har Kawu ta kama. Yana kallon labarai da yamma, wani ya faɗi abin da bai gamshe shi ba, ya zazzaga wa telebijin faransanci na minti guda. Da ya waiwaya ya ga Balki tsaye da igiya, sai ya miƙa wuya da kansa. Ya wanke kwanoni da kwat a jikinsa, ya fasa mini kofi biyu, ya ce kofunan ne ba su da tarbiyya.

Ranar dubawa ta biyu, tun asuba na tashi. Na goge gida, na yi turare, na soya fanke. An ce ƙarfe tara za ta zo. Tara ta wuce da minti goma, Kawu na duba agogo yana girgiza kai. Da aka danna ƙararrawa sai na dafe ƙirji na ce, "Na shiga uku, ga ta nan." Balki ta miƙe ba ta ko yi tunani ba ta rataya mini ƙashin. Ni kuma saboda sabo ban ji shi ba. Haka na buɗe wa sufeton gwamnati ƙofa, da leshina na salla da ƙashin rago a wuya.

Ita ce dai ta farkon, doguwa mai tabarau. Ta dube ni, ta dubi ƙashin. Kawu ya tarye ta da faransancin nan nasa na littafi, ya ce mata an fara aji tun takwas, amma ba laifi, ta zauna a baya. Ta zauna kuwa.

Ta buɗe jaka ta miƙa wa Balki takarda ta ce ta karanta. Balki ta sunkuyar da kai. Na ga idonta ya koma kan yatsun ƙafa. Kawu ya buɗe baki, matar ta ɗaga masa hannu ta ce yarinyar take son ji.

Ina jin don ta sassauta abin ne ta juyo ta nuna wuyana da bik ɗin rubutunta ta ce, "Wannan fa? Ado ne na ƙasarku?"

Na shafa wuya, na ji ƙashi. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ina neman kalmar da zan fara da ita, sai na ji murya daga bayana.

"Ba ado ba ne, Madam, sambol ne. Mamana ta yi Hausa a lokacin faransanci."

Balki ce. Matar ta ce ta yi mata bayani. Jama'a, yarinya ta ɓalle kamar an buɗe famfo. Ta faɗi dokar safe da ta yamma, ta faɗi ranar da babanta ya wanke tukwane, ta ƙirga wanda ya fi kowa sha a satin nan, wato ni. Sannan ta ba da labarin da Kawu ya ba ta: yana ɗan shekara bakwai ƙishirwa ta kama shi a aji, bai san sunan ruwa da faransanci ba, ya ce "ruwa", aka rataya masa kan mushen jaki ya wuni da shi a rana. Duka da faransanci take zuba wannan, rabi ina ganewa, rabi ina bin fuskar matar. Bik ɗinta na ta gudu bisa takarda. Daga nan da ta sake miƙa takardar karatu, Balki ta karɓa ta karanta, ta tashi ta yi lissafi a ƙofar armuwar ɗina.

Na fara hamdala a zuci, sai matar ta cire tabarau ta dubi Kawu. Ta ce aikin yarinyar ya ci gaba ƙwarai, amma wannan abin ba za ta iya kau da kai ba. A ƙasar nan ba a rataya wa yaro abin kunyatarwa, kuma dole ta rubuta abin da ta gani. Na yi ta ƙifta wa Kawu ido don ya ba da haƙuri. Kun san shi. Ya gyara kwat, ya tako a hankali, ya zare igiyar daga wuyana, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Madam, kin yi gaskiya. Amma mu ba mu san shi ba sai da malamanku suka kawo mana. Na daɗe ina neman wanda zan maida wa. Ga ajiyarku."

Ya ɗora mata ƙashin bisa takardunta.

Matar ta yi ja har kunnuwa. Ta dubi ƙashin, ta dubi tsoho, ta toshe baki da hannu kafaɗunta na rawa. Ta zaro hankici na takarda ta naɗe shi ta sa a jaka. Fanke ɗaya ta ci, ta yi sallama, ta ce sakamako zai zo a wasiƙa.

Tana fita na ce, "Kawu, ka kashe mu."

"Me na yi? Bashin gaisuwa ma ana biya, balle ajiya."

"In ta rubuta mun raina ta fa?"

"Wadda ta ci fankenki ba ta rubuta sharri. Kawo sauran."

Sati uku muna jira. Kullum sai na sauka akwatin wasiƙu sau biyu. Cikin sati na biyu numfashin Kawu ya fara sarƙewa, ƙafafunsa suka hau, Sani ya zo da mota ya tafi da shi Paris aka ba shi gado. Yana fita yana faɗa mini shafin da aka tsaya a littafin lissafi.

Wasiƙar ta zo ran wata Talata da hantsi. Na hawo da ita, Balki ta karɓa. Ba mu karanta ba sai da Sani ya kanga wa Kawu waya a kunne. Balki ta karanto: an gamsu, za ta ci gaba da karatu a gida. Na saki guɗa har maƙwabciyata ta buga bango.

Muryar Kawu ta fito can ƙasa. "Indo, yi mana shiru. Balki, sake karantawa. Kin yi sauri, ba kora ake ba."

Ta sake, a hankali. Sannan ya ce, "To, madalla. Gobe hutu. Kwana ɗaya, kada uwarki ta maishe shi sati."

Kwana tara bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Sanyin bana Balki ta yi shi a ɗaki cikin bargo da littafinta, sau ɗaya kaɗai muka kwana gidan likita.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Yadda ya tashi da ciwonsa ya tsaya wa marar lafiya, Allah ya tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Duk harafin da ya sa a bakin yaro, daga rumfunan Damagaram har falona, Allah ya auna masa shi da nauyi. Amin.