Sunan da Na Goge a Jikin Algaitar Kawu

Duk ranar da maiɗakina ta jiƙa tsamiya za ta dama kunu, da ƙamshin ya iso hancina sai in ga kaina a gidanmu na haya a Kakuri, ina tsugune bayan randa da kayan da ba nawa ba. Bari in ba ka labarin, don na daɗe ina riƙe da shi.

Kawuna, ƙanen Inna, ma'aikacin masaƙa ne, a gidanmu yake zaune. Shi da abokan aikinsa, yawancinsu mutanen kudancin Kaduna, suna da ƙungiyar kiɗa, shi ke busa musu saksafon. Ba mai kiranta haka a gidan. Inna ta sa mata suna algaitar Nasara, kowa ya bi. A hannun wani tsohon soja ya saye ta. Bayan la'asar yakan zauna ƙofar ɗakinsa ya fara busa, murya mai kauri kamar ta dattijo yana rarrashi, sai ka ji matan gidan sun daidaita dakansu da ita. A faffaɗan bakinta akwai zanen furanni da wani rubutun boko, duk sun yi duhu. Kawu yakan ce a Ingila aka ƙera ta. A zamanin, duk abu mai kyau na Ingila ne.

Shekarar da sojoji suka fara miƙa mulki ga farar hula ina da goma sha ɗaya. Ƙarshen damina ne, ko'ina gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, motocin 'yan siyasa na yawo da lasifika. Aka gayyaci su Kawu su yi wasa a filin unguwa ranar bikin miƙa mulkin. Yayata, wadda ta girme ni da shekara huɗu, ta fi kowa ɗoki. Gwanar ɗinkin furanni ce a jikin matasai, kuma Kawu ya kawo mata sabuwar atamfa ta ɗinka don ranar.

Ni kuwa tunani na yi: yaya za a kai abu mai dauɗa gaban jama'a? Na sha ganin yadda Yaya ke goge tasoshin Inna da toka da tsamiya su fito fes. Ana jibi biki, Kawu na wurin aiki, Inna ta tafi kasuwa, na ɗauko algaitar na hau aiki. Jikin ya yi haske, amma baƙin da ke cikin zanen ya ƙi fita. Sai na aro samfefa wurin kafintan maƙwabta. Na goge, na goge, har furanni da rubutu suka bi ruwa. Wallahi da na gama ji nake an ba ni sarauta.

Kawu ya dawo ya buɗe akwatin algaitar. Ya shafa wurin da babban yatsa, ya sake shafawa. Inna ta ga kwanon tsamiya bayan randa, ta juya kan Yaya, tunda goge tasoshi aikinta ne. Yaya ta dube ni, na dubi ƙasa. Hukuncin Yaya shi ne ba za ta leƙa filin biki ba.

Ni na je. Ni ne ma na ɗauki akwatin a ka. Ban taɓa ganin murna irin ta ranar ba: 'yan masaƙa da 'yan kasuwa, masu hula da masu malafa, kowa na rawa cikin laka. Algaitar na walƙiya a rana, mutane na cewa Kawu ya sayi sabuwa. Na ci rake, na sha lemo, na dawo ina ba Yaya labari ba kunya. Atamfarta na ninke a kan gado.

Kawu ya rasu bai bar ɗa ba. Akwatin ya zauna ƙarƙashin gadon Inna har bara da ita ma ta cika, ya faɗo hannunmu mu biyu. Yaya, wadda yanzu Hajiya ce mai jikoki a Unguwar Mu'azu, ta ce mu san wanda ya ƙera ta da darajarta kafin mu yanke shawara. Aka kwatanta mana wani dattijo a Narayi mai gyara wa majami'u kayan kiɗa. Muka shiga keke mai ƙafa uku, akwatin a kan cinyoyinmu.

Dattijon ya sa tabarau, ya juya ta, ya ce aikin hannu ne na da, ba irin na yanzu ba. Da ya zo kan bakin sai ya dafe kai.

"Hajiya, wane mugu ne ya yi wannan? Nan sunan maƙerin yake. Ba suna, sai dai a saye ta a kilo."

"Ni aka ce," in ji Yaya, tana gyara mayafi.

Na ce, "Baba, ba ita ba ce. Ni ne mugun. Yaya, ki yafe mini."

Ta yi dariya har da tafi. "Auta, sai yau? Ai yatsunka kwana uku suna kore! Na yi shiru ne don na san Inna ba za ta dake ni ba, kai kuwa da ka sha tsumagiya. Amma bikin nan ya ci mini rai, kada ka ce ban faɗa ba."

Sannan ta tambayi dattijon ko zane zai wadatar. Ashe furannin nan sun daɗe da shiga ranta, ta taɓa ɗora takarda a kansu ta murza da gawayi, ta ɗinka su a rigar matashi, har da rubutun, don ita a ganinta duk ado ne. Rigar na cikin kayan ɗakinta har yau. Washegari muka koma da ita. Dattijon ya bi jan zaren da yatsa, harafi bayan harafi, ya faɗi wani suna da harshena ba ya iya juyawa.

"Faransa ce, ba Ingila ba. Da ba a goge ta ba, Malam, da ta saya maka keken da ya kawo ku. Yanzu dai ƙafa ɗaya za ta saya, ko biyu in mai saye ya yarda da matashin Hajiya."

Yaya ta ce ba ta sayarwa, a gyara. Bayan mako biyu ya sauya fatun maɓallan, ya busa mata ita a ƙofar shagonsa. Yara suka taru, wata mai kayan miya ta ajiye tire ta taka. Yaya na zaune a benci tana kaɗa kai, tana share ido da gefen mayafi.

Masaƙun Kakuri sun yi shiru, gidanmu ya zama shaguna, jikokina a waya suke jin kiɗa, ba su san yadda ake tsayawa a gaban mai busa ba. Ni dai na sauke kayan da na ɗauka tun ina yaro, na bar wa Yaya rabona. Algaitar na ɗakinta yanzu. Ta ce in zo in gan ta duk Juma'a in ina so, da sharaɗi ɗaya: hannuwana su zauna cikin aljihu.